MATAMBAYI BA YA ƁATA: Binciken Littafi Mai Tsarki Tare da Tsofaffin Littattafan Yahudawa da na Masu Bi na Farko

Karatun yau: Ayyukan Manzanni 17:10-12, Luka 1:1-4, 2 Timoti 3:14-17

Darasinmu na wannan karo domin masu tambaya ne, da kuma waɗanda ake yi wa tambaya.

In kana zaune a Akwatialine, ko Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zongo a nan Kumasi, ka sani kana cikin mutanen da suke girmama littafi. Kakannin da fataucin goro ya kawo su Gwanja da ƙasar Asante, sun zo da littattafansu cikin gafaka. Har yau ana tunawa da malamai irin su Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya koyar a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a shekarar 1934. A zango, in ka faɗi magana a kan addini, tambayar da za ta biyo baya ita ce, “Daga wa ka ji? A wane littafi yake?” Wannan al'ada ce mai kyau, bai kamata mai bi ya ji tsoronta ba.

To, a ce yau da yamma ka dawo daga aiki a gajiye, sai ɗanka ya miƙo maka waya, ya nuna maka wani mutum yana cewa akwai littattafan da aka cire daga Littafi Mai Tsarki aka ɓoye. Ko kuwa maƙwabcinka, mutumin kirki da kuka daɗe kuna zaman lafiya, ya ce maka ya ji labarin wata Linjila da ta fi naka huɗu tsufa. Me za ka ce? Waɗansu sukan yi fushi. Waɗansu sukan yi shiru, amma tambayar ta kwana tana cin su a zuciya. In ka tsawata wa ɗanka ka ce ya daina tambaya, ba daina tambayar zai yi ba. Kai ne zai daina yi wa, ya je ya nemi amsa a wani wuri. Domin wannan ne muka shirya darasin nan.

MUTANEN BIRIYA

Sa'ad da Bulus da Sila suka isa Biriya, Yahudawan garin suka saurare su da marmari, amma kowace rana sukan koma ga Littattafai su duba ko abin da aka faɗa musu gaskiya ne. Luka bai zarge su da rashin bangaskiya ba, yabonsu ya yi. Shi kansa Luka, a farkon Bishararsa, ya gaya mana cewa ya bi diddigin kome tun daga tushe, ya ji daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, kafin ya rubuta wa Tiyofalas. Ashe bincike ba abokin gābar bangaskiya ba ne.

Amma kafin mu buɗe wani tsohon littafi, sai mu san matsayinsa. A gaban shari'a akwai alƙali, akwai shaidu. Shaida yana da amfani ƙwarai, yakan faɗi abin da ya gani, yakan kuma yi kuskure wani lokaci. Amma ba shi yake yanke hukunci ba. A gare mu masu bi, Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah, shi ne yake yanke hukunci a kan bangaskiyarmu da zamanmu. Littattafan tsofaffin Yahudawa da na masu bi na farko kuwa shaidu ne. Suna gaya mana yadda zamanin yake, da yadda mutanen da suka fi mu kusa da manzanni suka fahimci abin da suka karɓa. Bari mu ɗauki tambayoyi biyar mu ga yadda wannan yake aiki.

TAMBAYA TA FARKO: WANE IDI NE YESU YA HALARTA?

Buɗe Yahaya 10:22-39. Za ka ga Yesu yana cikin Haikali lokacin Idin Tsarkakewa, a kwanakin sanyi. Yanzu koma ga littattafan Musa ka nemi wannan idi. Za ka sami Idin Ƙetarewa, da na Makonni, da na Bukkoki, amma ba za ka sami wannan ba. Daga ina ya fito?

Amsar tana cikin littafin Makabiyawa na Farko, wanda wani Bayahude ya rubuta a tsakanin zamanin Tsohon Alkawari da na Sabo. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus na Huɗu, mai mulkin Suriya, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya sa aka ƙone littattafan Shari'a, aka kuma ƙazantar da bagaden Haikali da hadayun gumaka. Wani firist mai suna Matatiya da 'ya'yansa suka tayar. Ɗansa Yahuza, wanda ake yi wa laƙabi da Makabi, ya ƙwato Urushalima, aka tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, aka yi biki na kwana 8. Yahudawa suna yin wannan biki har yau, wajen watan Disamba, suna kiransa Hanuka.

Yanzu sake karanta Yahaya 10. A kwanakin da kowa yake tunawa da jarumin da ya kori baƙin masu mulki, ga kuma sojojin Roma a cikin gari, sai mutane suka kewaye Yesu suka ce ya faɗa musu a fili ko shi ne Almasihu. Ka ga irin Almasihun da suke jira? Shi kuwa ya amsa musu da zancen tumaki da makiyayi da rai madawwami. A idin keɓe Haikali kuma, ya ce da su shi ne wanda Uba ya keɓe ya aiko duniya. Littafin Makabiyawa bai ƙara kome a kan maganar Yesu ba, amma ya sa ka ji nauyinta yadda masu sauraronsa suka ji.

A nan za ka gane dalilin da ya sa Littafi Mai Tsarki na 'yan'uwanmu Katolika yake da littattafai 73, namu kuwa 66. Makabiyawa yana cikin waɗanda suka karɓa. Ba wanda ya ɓoye su. Martin Luther kansa, a fassararsa ta Jamusanci ta 1534, ya sa su a tsakanin Alkawari biyu, ya ce suna da amfanin karantawa amma ba a daidaita su da Nassi ba.

TAMBAYA TA BIYU: ME YA SA YAHUZA YA AMBACI ANUHU?

A Wasiƙar Yahuza, aya 14 da 15, an kawo annabcin Anuhu a kan zuwan Ubangiji domin shari'a. Amma Farawa 5:21-24 ba ta ba mu wata magana daga bakin Anuhu ba. Yahuza ya ɗauko maganar ce daga wani littafin Yahudawa da ake kira Littafin Anuhu. Masana sun nuna cewa mutane dabam dabam ne suka rubuta sassansa, tun daga wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu.

Abin sha'awa shi ne, a nan Afirka littafin ya tsira cikakke. Ikilisiyar Habasha ce ta adana shi cikin tsohon harshenta na Ge'ez, har yau kuma tana lasafta shi cikin littattafanta masu tsarki. Wani matafiyi daga ƙasar Sikotland, James Bruce, ya kai kofe uku Turai a shekarar 1773. Daga baya aka sami guntayensa cikin harshen Aramiya a kogwannin Kumran.

Mutum zai ce, tun da Yahuza ya ambace shi, ai Nassi ne ke nan. Ka yi hankali a nan. A Atina, Bulus ya kawo maganar mawaƙan Helenawa (Ayyukan Manzanni 17:28). A wasiƙarsa ga Titus kuma ya kawo maganar wani mutumin Karita (Titus 1:12). Wannan bai mai da waƙoƙinsu Maganar Allah ba. Mai wa'azi a zango yakan kawo karin maganar Hausa ko ta Tuwi domin gaskiyar da take ciki, ba wanda zai ce ya mai da ita aya. Su ma dattawan ikilisiya na farko sun yi ta muhawara a kan wannan. Tartuliyan, mutumin Kartej a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ɗauki littafin da daraja sosai. Agustin kuwa, shi ma ɗan Arewacin Afirka, bai karɓe shi ba. Yahudawa ba su sa shi cikin Littattafansu ba, yawancin ikilisiyoyi kuma suka bi haka. Saboda haka in an ce maka littafi ne ɓoyayye, ka amsa da cewa an san shi tun da, an auna shi a fili, kowa kuma yana iya karanta shi.

TAMBAYA TA UKU: AKWAI WANDA BA MAI BI BA DA YA BA DA SHAIDA?

Akwai. Yosifus Bayahude ne daga gidan firistoci, an haife shi a Urushalima a shekara ta 37. Ya ga rushewar Haikali da idonsa a shekara ta 70, ya kuma gama babban littafinsa na tarihin Yahudawa wajen shekara ta 93. Shi ba mai bin Yesu ba ne.

Ya ba da labarin Yahaya Maibaftisma, ya ce mutumin kirki ne, Hirudus Antibas kuma ya kashe shi a kagarar Makerus. Yosifus ya ce tsoron tawaye ne ya sa Hirudus ya yi haka. Markus sura 6 kuwa ta nuna mana ƙiyayyar Hirudiya. Ba lalle ne su biyun su yi karo ba, gama mai mulki yakan sami dalili na fada da dalili na cikin gida. Ya kuma ba da labarin yadda aka jajjefe Yakubu a shekara ta 62, ya gabatar da shi a matsayin ɗan'uwan Yesu wanda ake kira Almasihu.

Gwada kuma Ayyukan Manzanni 12:20-23 da abin da Yosifus ya rubuta a kan mutuwar Hirudus Agaribas a Kaisariya a shekara ta 44. Luka ya ce sarkin ya sa tufafin sarauta, jama'a suka ɗaukaka shi kamar allah, bai ba Allah girma ba, aka buge shi ya mutu. Yosifus ya ƙara da cewa rigar da azurfa aka saƙa ta, tana walƙiya da hasken safiya, 'yan fada suka kira shi allah bai hana su ba, ciwon ciki ya kama shi, ya mutu bayan kwana 5. Shaidu biyu ke nan, kowa da abin da ya lura da shi.

Amma ga wurin da ake gwada gaskiyarka. A littafin Yosifus akwai wani sashi da yake magana a kan Yesu kansa, har yana cewa shi ne Almasihu. Yawancin masana sun yarda cewa Yosifus ya rubuta wani abu a kan Yesu, amma masu kwafar littafin daga baya, waɗanda masu bi ne, suka ƙara waɗansu kalmomi. In kana magana da maƙwabcinka, kai ne ya kamata ka fara faɗin wannan. Kada ka jingina gaskiyar Allah a kan abin da ka san ba shi da ƙarfi. Akwai shaidar da ba ta da wannan matsala. Tasitus, marubucin tarihin Roma, wanda ya raina masu bi, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Kaisar Tibariyas. A shekarar 1961 kuma masu tonon ƙasa suka sami dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus.

TAMBAYA TA HUƊU: AN SĀKE LITTAFIN NE A HANYA?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana. Wajen shekarar 1947, waɗansu makiyaya suka sami tuluna a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, a wurin da ake kira Kumran. Cikin tulunan akwai naɗaɗɗun littattafai na fata. Zuwa shekarar 1956 an gano kogwanni 11 masu rubuce-rubuce. An sami aƙalla guntu na kowane littafi na Tsohon Alkawari, sai dai na Esta.

Mafi shahara shi ne naɗaɗɗen littafin Ishaya. Tsawonsa ya wuce mita 7, yana ɗauke da surori 66 duka, an kuma kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Cikakken Tsohon Alkawari na Ibrananci mafi tsufa da muke da shi, an gama kwafarsa ne wajen shekarar 1008. Tsakanin su biyun akwai fiye da shekara 1000. Da aka gwada su, sai aka ga bambancin yawanci na rubutun kalma ne da ƙananan abubuwa. Ishaya 53, labarin Bawan da ya sha wuya saboda laifofinmu, yana nan tun kafin a haifi Yesu. Ba masu bi ne suka sa shi ba.

A nan ma sai mu faɗi gaskiya duka. Ba kowane littafi ne ya zo daidai kamar Ishaya ba. A Kumran an sami littafin Irmiya iri biyu, mai tsawo da gajere, a littattafan Sama'ila kuma akwai wuraren da kofe suka bambanta. Masu kwafa mutane ne, hannu yakan yi tuntuɓe. Amma da yake kofe suna da yawa, daga ƙasashe dabam dabam, ana iya gwada wannan da wancan a gane inda aka yi kuskure. Shi ya sa kake ganin ƙaramin bayani a ƙasan shafi a waɗansu bugu na Littafi Mai Tsarki. Wanda yake ɓoye abu ba ya rubuta shi a ƙasan shafi.

Ga Sabon Alkawari kuwa, akwai kundin Sina'i, wanda aka rubuta da Helenanci a ƙarni na 4, yana ɗauke da Sabon Alkawari duka. Yawancin shafofinsa suna birnin Landan, tun shekarar 2009 kuma an sa hotunansu a intanet domin kowa ya gani.

TAMBAYA TA BIYAR: YAYA MASU BI NA FARKO SUKA YI DA MASU CEWA SU ANNABAWA NE?

Wannan tambaya ta shafi aljihunka. Ba ka rasa jin masu wa'azi a rediyo da tashar mota da kasuwar Kejetia, waɗansu na gaskiya, waɗansu kuwa sai ka biya kafin a yi maka addu'a. Yesu ya ce ta wurin 'ya'yansu za a gane su (Matiyu 7:15-20). Amma yaya ake yin haka a aikace?

Akwai wani ɗan ƙaramin littafi da ake kira Didake, wato Koyarwa, wanda masana da yawa suke sa shi a ƙarshen ƙarni na farko. Ya ɓace shekaru da yawa, sai a 1873 wani malamin ikilisiyar Girka ya same shi a wani ɗakin karatu a birnin Istambul na yau, aka buga shi a 1883. Littafin ya ce a karɓi baƙon mai wa'azi da daraja, ya kwana ɗaya, ko biyu in akwai bukata. In ya zarce zuwa uku, ko kuwa ya nemi kuɗi sa'ad da zai tafi, annabin ƙarya ne. Haka kuma wanda yake koyar da gaskiya amma ba ya aikata abin da yake koyarwa. Ba doka ce a kanmu ba, gama Didake ba Nassi ba ne. Amma ya nuna maka cewa matsalar ba ta yau ba ce, kuma waɗanda suka riga mu ba su ji kunyar auna mutum ba. Yustin Shahidi ma, wajen shekara ta 150, ya bayyana sujadar ranar Lahadi a Roma. Ana karanta rubutun manzanni da na annabawa, a yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci Jibin Ubangiji, baikon da aka tara kuma ya tafi ga marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Gwada wannan da inda baikonka yake zuwa.

BUƊE HUHU KAFIN KA SAYA

Mai sayen goro ba ya biya sai ya buɗe huhu ya duba. Ba kowane littafi mai tsohon suna ne tsoho ba. Yi wa kowane littafi tambaya huɗu. Wa ya rubuta shi? Yaushe? Kofensa mafi tsufa na wane zamani ne? Su wa cikin mutanen da suka san shi?

Gwada wannan a kan Bishara huɗu. Ireniyus, wajen shekara ta 180, ya lasafta su da sunayensu, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya. Ya ce tun yana yaro ya saurari Folikaf, dattijon ikilisiyar Samirna, Folikaf kuwa ya zauna da Yahaya. Wannan ita ce irin amsar da mutumin zango yake nema sa'ad da ya ce, “Daga wa ka ji?” A shekara ta 367 kuma Atanasiyus na Iskandariya, a ƙasar Masar, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, su ne waɗanda suke hannunka yau.

Yanzu gwada ta a kan littafin da ake kira Linjilar Barnaba. Kofensa mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana ajiye a birnin Biyana. An buga fassararsa ta Turanci a 1907. Ya nuna Yesu ya isa Nazarat a jirgin ruwa, alhali Nazarat tana kan tuddai, nesa da bakin teku. Ya kuma sa Yesu yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Linjila da Alƙur'ani duka suna kiransa da wannan suna. Kada kuma ka haɗa shi da Wasiƙar Barnaba, wadda tsohuwa ce, tana ma cikin kundin Sina'i. In wannan zance ya taso tsakaninka da maƙwabcinka, ka faɗi abin da ka sani da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta umarta. Ba riba ba ce ka ci gardama ka rasa maƙwabci.

WANNAN GĀDONMU NE

Kada ka ce wannan aikin Turawa ne. A Iskandariya, a nan Afirka, aka fara fassara Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Tuwi ya fito a 1871, ta aikin Christaller da malamai 'yan ƙasa. Na Hausa ya fito a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi wahalarsa. A zamaninmu kuma, Kwame Bediako, ɗan Ghana, wanda a da bai yarda akwai Allah ba, ya tuba yana ɗalibi a Faransa. Ya zauna ya karanta marubutan ikilisiya na farko, su Yustin da Tartuliyan, ya jera su kusa da malaman Afirka, har da Byang Kato na ƙasar Kwoi a Najeriya. Ya ga cewa tambayarsu ɗaya ce da tamu, wato yadda mutum zai bi Almasihu ba tare da ya zama baƙo a cikin danginsa ba. Ya kafa cibiyar nazari a Akropong a 1987, ya rasu a 2008.

YADDA ZA KA FARA

Na farko, fara da addu'a da Nassin kansa. Karanta surar duka sau biyu ko uku kafin ka nemi wani littafi. Sau da yawa amsar tana aya ta gaba.

Na biyu, sayi ɗan littafin rubutu. Raba kowane shafi kashi uku, abin da Nassi ya ce, abin da tsohon littafi ya ce, da abin da kai kake tsammani. Kada ka bar ukun nan su gauraya.

Na uku, nemi abokin karatu. Yawancin waɗannan littattafai da Turanci ake samunsu. In Turancinka bai kai ba, sa ɗanka ko 'yarka su karanta su fassara maka, kai kuwa ka auna da Littafinka na Hausa. Yaron da ya zo da tambaya zai zama abokin bincike.

Na huɗu, kai abin da ka gano wurin fasto da dattawa. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya karanta littafi ɗaya a waya, ya tashi yana raina ikilisiya, ya faɗa cikin ramin da Bulus ya yi kashedi a kansa a 1 Korantiyawa 8:1. In kuwa an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne ka roƙi lokaci ka je ka bincika.

Na biyar, tuna da inda karatun yake kai ka. A Yahaya 5:39-40 Yesu ya yi magana da mutanen da suka ƙware a binciken Littattafai, amma suka ƙi zuwa wurinsa su sami rai. Mutum yana iya sanin tarihin kowane kundi, zuciyarsa kuwa ba ta tuba ba. In karatunka bai ƙara maka ƙauna da gaskiya a ciniki da haƙuri a gida ba, sai ka sake duba kanka.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin matsayin Littafi Mai Tsarki da na sauran tsofaffin littattafai?
2. Yaya tarihin Idin Tsarkakewa ya taimake ka ka fahimci Yahaya 10?
3. Waɗanne tambayoyi huɗu za ka yi wa kowane littafin da aka ce tsoho ne?
4. Wace tambaya ce ta daɗe tana damunka wadda ba ka taɓa faɗa wa kowa ba? Rubuta ta yau, ka kai wa fastonka a wannan mako.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, mun gode maka domin Maganarka da ka kiyaye mana ta hannun bayinka tsara bayan tsara. Ka ba mu zuciya irin ta mutanen Biriya. Ka tsare mu daga tsoron tambaya, ka kuma tsare mu daga girmankai. Ka ba mu amsa mai daɗi ga 'ya'yanmu da maƙwabtanmu, ka sa zaman lafiya ya dawwama a unguwanninmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.